Sannu da Hutawa

Tsofaffin ma'aikatan masana'antar kwano suna da benci guda a barandar wani shagon gyaran keke da ya daɗe a rufe, daura da ƙofar masana'antar. A nan suke wuni. Wanda suke kira Gwangwani shi ne mai zama a ƙarshen bencin, ta wajen bango, inda mutum zai sami abin jingina bayansa. A ganinsa wannan wuri haƙƙinsa ne, domin a zamanin da ake aiki shi ne heluma a kansu: shi ke raba musu aiki, shi ke daka musu tsawa. Kullum da hantsi sai ya ɗora hula ya gaya wa matarsa cewa zai je ya ga abin da waɗancan marasa aikin yi suke ciki. Bai taɓa lissafa kansa a cikinsu ba. Shekara da shekaru yana zuwa dubansu, kuma ko ranar da ake ruwa bai taɓa fashi ba.

A kan wannan benci ba a gaisuwa. Idan mutum ya iso, da zagi ake tarbarsa, ya rama, sannan a muskuta a ba shi wuri. Wanda aka tambaye shi lafiyar iyali, to baƙo ne.

"Ga Gwangwani nan," in ji Rabin Yatsa, ƙanin matarsa, wanda injin matse kwano ya guntule wa manuniya tun yana saurayi. "Yau ma masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce ba su gan ka ba?"

"Sun gan ni, sun ɗaga, sun ji na fi ƙarfin sikelinsu. Kai fa, ka duba hannunka da safen nan? Ko an ƙara ragewa?"

"Ku bar shi ya zauna kafin ya yi tsatsa a tsaye," in ji Tanderu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin wutar gasa fentin kwano, har girarsa ta ƙone ba ta sake fitowa ba.

Daga nan sai a yi dariya, a buɗe masa hanya ya wuce wurinsa, ya zauna yana hura hanci kamar wanda aka roƙa.

Sunan Gwangwani yana da asali. A can baya, lokacin da talabijin ba ta da launi sai fari da baƙi, kuma gida guda a layi ke da ita, gidan talabijin ya shirya wani wasan kwaikwayo na almara mai suna Ma'aikacin da Ba Ya Gumi. Labarin wani mutum ne na ƙarfe da mai masana'anta ya sayo. Kowane mako mutumin ƙarfen nan zai taka har gaban ma'aikaci guda, ya miƙa masa hannu. Da zarar sun yi musabaha, sai sana'ar ta fita daga hannun ma'aikacin ta koma nasa, sannan ya ce da wata murya mai sanyi, "Sannu da hutawa." Shi kuwa ma'aikacin sai ya fita ya jingina da katangar masana'anta, ya yi ta dusashewa har ya zama inuwa a jikin bango. Masu wasan sun ari masana'antar kwano a ranakun da ba a aiki don ɗaukar hoto, kuma da suka rasa mai tsawon da zai cika rigar ƙarfen, sai manaja ya nuna musu helumansa. Haka ya shiga. Muryar tasa ce, tafiyar tasa ce, gumin da ake matsewa daga singileti bayan an tashi ma nasa ne. Fuska kaɗai ce ba a taɓa gani ba.

Wasan ya yi farin jini ƙwarai. Mutane kan taru a gidan mai talabijin, ma'aikatan kwano su ne a sahun gaba, suna ƙyalƙyala dariya duk lokacin da wani ya zama inuwa. Bayan wasu shekaru sai injinan gaske suka iso a cikin manyan akwatuna. Ba su da kai, ba su da ƙafa, kuma ba su gai da kowa ba. Manaja ya tara ma'aikata a tsakar masana'anta ya ce za a ba su hutu. Heluman ma yana cikin waɗanda aka ba hutun, ko da yake har yau cewa yake shi da kansa ya ajiye. Yaran layi kuwa, da suka ga magidanta zaune a baranda da rana tsaka, sai suka tuna da wasan. Su wuce a guje, su sanyaya murya, su jefa kalmar. Har mata masu wucewa, waɗanda ba su nufi komai ba illa gaisuwa, sai da suka gane suka canza lafazi. Tun daga nan babu mai ce wa mutanen bencin nan sannu da hutawa. Baƙon da bai sani ba ana yi masa uzuri. Wanda ya sani kuwa bai taɓa gwadawa ba.

Wata rana da yamma wani saurayi ya yi sallama a gidan Gwangwani, sanye da wando matsattse, da tabarau a saman goshi inda babu ido. Ya ce shi darakta ne daga gidan talabijin. Gwangwani ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya yanke a ransa cewa a zamaninsa ko sharar tarkacen ƙarfe ba zai ba wannan ba.

"Baba, ai ku ne tarihi," in ji daraktan, bayan an ba shi kujera. "Za mu maimaita wasanku daga farko har ƙarshe, kamfanin kwano ne ya ɗauki nauyi. Amma kafin a fara muna son ɗan gajeren shiri. Mun samo rigar a ɗakin ajiya, tana nan yadda kuka bar ta, sai dai ƙura da yanar gizo. Za ku sa ta, ku fito daga ƙofar masana'anta, ku tsallaka titi zuwa wajen abokanku, ku miƙa hannu, ku faɗi kalmar. Shi ke nan. Mutane za su sha dariya."

"Ba abokaina ba ne. Yarana ne na aiki."

"To, yaranku, Baba."

"Wace kalma kake nufi?"

Daraktan ya karkata kai, ya sanyaya murya, ya faɗe ta yana jin ya iya. Gwangwani ya ja tsaki. Ba kalmar ce ta ɓata masa rai ba, yadda aka faɗe ta ne, kamar mai tallar magani a tasha.

To, akwai wani abu da ya daɗe yana cin tsohon nan a rai. Jikarsa, 'yar babbar 'yarsa, wadda take zaune a gidan saboda makaranta, ba ta taɓa yarda cewa shi ne mutumin ƙarfen ba. Duk lokacin da ya ɗauko labarin sai ta ce, "Haba Angona, ai ko Kaka aka sa a ciki haka za ta yi. Wa ya gan ka?" Yakan yi dariya ya ce ya sake ta, ta tafi gidan ubanta. Amma tambayar ba ta sakinsa. Wa ya gan shi? Waɗanda suka ga ana kifa masa kan ƙarfen nan yawancinsu sun mutu, saura kuwa mutanen benci ne, waɗanda shaidarsu ba ta wuce baranda.

"Zan sa," ya ce wa daraktan, "amma da sharaɗi. Idan na gama zan cire kan, a nuna fuskata. Ba wulgawa ba. A tsaya a kanta har mai kallo ya gane wanda yake kallo."

"Baba, ai wannan shi ne ƙarshen da nake nema!" in ji daraktan, wanda ko makaho ya san bai taɓa tunaninsa ba sai yanzu.

Da baƙon ya tafi, matar Gwangwani ta ɗaga labule ta fito, riƙe da rigar da take yi wa maɓalli.

"Maigida, da kunnena na ji, ko tsufa ne ya fara yi mini wasa? Kalmar nan za ka faɗa wa ƙanina?"

"Wasa ne. Shi ma ya san wasa ne. Da wa aka yi ta dariyar a da?"

"A da yana da aiki."



"Ka ji ni da kyau," ta ce. "Mutanen nan sun zage ka, sun zagi hularka, sun zagi tumbinka, kuma duk wannan zama ne. Ranar da ka faɗi waccan, ka tashi daga bencin nan ke nan. Ba korarka za su yi ba, na san halinsu. Amma ka tashi."

"Benci! Katako ne da ƙusa. Ni nake yi musu alfarma da nake zama a cikinsu."

"To idan ka gama alfarmar, ina za ka riƙa wuni? A nan? Ni ba na son namiji a tsakar gida da rana, yana tambayata dalilin kowane motsi."

"Ke dai tsohuwa ba ki san daraja ba. Ƙasa gaba ɗaya za ta ga mijinki."

"Ni na gan shi," ta ce tana cizge zare da haƙori, "ban ga abin da ya kai a tara jama'a ba."

Daraktan ya je wa mutanen benci da nasa bayanin. Ya ce za a ɗauke su suna zaune, kuma Gwangwani zai zo musu cikin tsohuwar rigarsa. Bai ambaci kalmar ba, domin bai san tana da wani nauyi ba, kuma ba shi da halin tambaya. Gwangwani ya san nauyinta, shi ma bai ambata ba. Ya gaya wa kansa cewa wannan ba ɓoyewa ba ne, heluma ba ya shawara da lebura. Ana gobe za a ɗauka, Tanderu ya tambaye shi, "Magana za ka yi, ko tafiyar nan taka ta mai ciwon ƙugu kawai?"

"Abin da aka sa ni. Kai dai ka nemi gawayi ka zana gira, kada masu kallo su ɗauka ƙwai aka ajiye a kan benci."

Aka yi dariya, magana ta wuce.

Ranar ɗaukar hoto mutanen benci suka iso da wuri, kowa cikin kayan da yake ajiye wa babban taro, an goge su har suna iya tsayawa da kansu. Tanderu ya sha turare. Rabin Yatsa ya cusa hannun dama a aljihu ya ƙi fitarwa. Gwangwani ya hango su daga ƙofar masana'anta ya girgiza kai: mutanen da ba su da abin nunawa sai zama, su ma sun yi wa zaman kwalliya.

Rabonsa da shiga ciki tun ranar hutun. Ya ɗauka zai ji wani abu, sai ya ji sanyin na'urar sanyaya ɗaki kawai. An share wurin tas, babu ƙarar guduma, babu warin fenti mai zafi, babu mai ihu a kan wani. A bayan gilashi wasu hannaye na ƙarfe suna ɗaukar faifan ƙarfe, su matse, su ajiye, su ɗauki wani. Samari ƙalilan ne a ciki, zaune a kan kujeru masu taya, kowa ya zuba wa allonsa ido. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya dube shi, ya mayar da kai. Gwangwani ya tsaya daidai inda teburinsa yake a da, inda yanzu aka jingina tulun kashe gobara, ya ce a ransa: injinan banza, ko tsayuwa irin ta mutum ba su iya ba.

Rigar ta ƙi shiga. A da tana yi masa yawa har sai an cusa tsumma a kafaɗa, yanzu kuwa tumbi ya tare hanya. Ma'aikatan daraktan suka yi ta dannawa, shi kuma daraktan yana cewa, "Baba, ku ɗan riƙe numfashi," kamar numfashi ne tsohon ya tara a shekarun nan. Daga ƙarshe aka bar bayan a buɗe, aka ɗaure da waya, aka ce mai kyamara ba zai zagaya ta can ba. Sannan aka kifa masa kan. Ciki duhu ne, da warin ɓera, da 'yan ramuka biyu da yake hango duniya ta cikinsu.

Aka tsayar da motoci, ya fito. Takun kam bai manta ba: a ɗaga ƙafa, a dakata, a ajiye. Tun kafin ya kai tsakiyar titi benci ya fashe.

"Wayyo cikina!" in ji Tanderu yana dukan cinya. "Gwangwani ya koma gidansa!"

"Ku duba bayansa, ku duba!" in ji wani. "An ɗaure shi da waya kamar tsohuwar salansa!"

Rabin Yatsa ya yi dariya har ya manta ya fito da hannun daga aljihu yana share hawaye. "Wa ya yi maka wannan aika-aika? Gaya min in rama maka, ko don Yaya!"

A cikin duhun kan ƙarfen, Gwangwani ya ji bakinsa yana murmushi ba da izininsa ba. Amsa ma tana kan harshensa, wata mai zafi game da turaren Tanderu, wadda da ya jefa ta da an kwanta a ƙasa. Ya tsaya a gabansu yana haki. Amma ta ramin ido na hagu ya hango daraktan a gefen baranda yana juya yatsa a iska, yana motsa leɓe, kuma kusa da shi ga baƙin idon kyamara. Ba don amsar turare aka tsayar da motoci ba, kuma ba don ita za a cire masa kai a gaban ƙasa ba. Ya ɗaga hannun ƙarfen ya miƙa wa Rabin Yatsa. Muryar ta fito yadda take a da, sanyi ƙalau, ba ta tsufa ba ko kaɗan.

"Sannu da hutawa."

Dariyar ba ta tsaya a lokaci guda ba. Wani mai nauyin ji ya ci gaba da ita shi kaɗai, har ya lura ya haɗiye saura.

Rabin Yatsa ya dubi hannun da aka miƙa masa. Gwangwani ya jira zagi, kuma ya shirya masa. Da ma an mari ƙarfen nan, da ya fi masa. Sai ƙanin matarsa ya miƙe tsaye a hankali, ya gyara wuyan rigarsa, ya sa hannu biyu ya kama hannun ƙarfen, ya ɗan rusuna.

"Yawwa, sannu, ranka ya daɗe. An zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Tanderu ya miƙe shi ma, ya cire hula. "Barka da zuwa, Yallaɓai. Ya gajiya?"

Haka suka yi ta miƙewa bi da bi, kowa da gaisuwarsa cikakkiya, babu wadda aka taƙaita, har mai nauyin jin nan.

Daraktan ya yi tafi. "Madalla! Kai, tsofaffin nan 'yan wasa ne! Amma babur ya gilma ta baya. Baba, a koma a sake."

Aka koma aka sake, aka kuma sakewa. Duk lokacin da ya tsallako suna zaune shiru kamar masu jiran likita, ya faɗi kalmar, su miƙe su gaishe shi. Daraktan ya roƙe su da su maimaita dariyar ɗazu, domin ta fi kyau a hoto.

"Ta ƙare, ɗana," in ji Tanderu.

Daga ƙarshe aka ce ya cire kan. Ya sa hannu biyu ya ɗaga, iska ta bugi fuskarsa, mai kyamara ya matso har yana jin numfashinsa. Gwangwani ya ƙura wa kyamarar ido kamar yadda ya yi ta gwadawa a gaban madubin matarsa. Bai dubi benci ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai fita ba. Ya ce rigar ta taɓa masa baya. Ya zauna a tsakar gida yana tambayar matarsa dalilin kowane motsi, yana lissafin cewa idan an nuna shirin, zai koma musu da fuskarsa a gaba, a ga wanda zai iya yi masa fushi. Ai mutanen nan ba su da riƙo. Ba su riƙe aikinsu ba ma, balle magana.

Daraktan ya cika alkawari. An nuna shirin da yamma, maƙwabta sun cika ɗakin. Aka ga mutumin ƙarfe yana tsallaka titi, aka ga tsofaffi suna dariya, aka ji kalmar, aka ga suna gaisuwa, 'yan ɗakin suka yi shewa. Sannan fuskar ta cika allon: jiƙe sharkaf, da layin tsatsa a goshi, baki a buɗe yana neman iska. An tsaya a kanta har kowa ya gane wanda yake kallo.

"Lallai kai ne, Angona!" in ji jikar tana tafi. "To na yarda." Kafin a fara tsohon wasan ta riga ta koma kan wayarta.

"Kin gani?" ya ce wa matarsa.

"Na gani. Da ka goge goshi."

Washegari ya sa babbar riga ya fita. A hanya mutum biyu sun ɗaga masa hannu, mai shago ya ce ya gan shi jiya. Ya iso baranda yana taku ɗai-ɗai. Tun daga nesa yake jin hayaniyarsu, yana kusantowa ta lafa. Suka miƙe gaba ɗaya.

"Barka da hantsi, Yallaɓai. An tashi lafiya? Ya jikin? Mun ji an ce baya ne."

Wani ya ruga wajen mai shayi ya aro kujerar roba, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ajiye a gefe, inda iska take. A ƙarshen benci, ta wajen bango, mai nauyin jin nan ne zaune ya jingina bayansa.

Gwangwani ya yi dariya mai ƙarfi don su ji ya gane wasan. "Kai Rabin Yatsa, sauran tara da rabin suna nan, ko an ƙara ragewa?"

"Suna nan lafiya, ranka ya daɗe. Mun gode da tambaya."

"Tanderu, na ga har yanzu girar ba ta dawo daga tafiya ba."

"Haka ne, Yallaɓai. Allah bai nufa ba."

Ya zauna a kan kujerar. Aka yi maganar zafi, aka yi maganar tsadar sufuri, aka tambaye shi ra'ayinsa a kan kowace, aka ce gaskiyarsa. Da aka kawo shayi shi aka fara miƙa wa, a kofi mai hannu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga tsofaffin banza masu taurin kai, waɗanda a da idan ya yi gyaran murya sai sun watse. Ya ba su kwanaki su huce. Kullum ya zo kujerar tana nan an goge ta. Ya gwada zagi mai nauyi, wanda ya taɓa uwa da uba, aka ce masa Allah ya huci zuciyarsa. Ya gwada zama a kan bencin da ƙarfi, sai duk suka tashi suka tsaya don kada su matse shi, har ya gaji ya koma kujera.

Wata safiya, yana ɗaura agogo, ya ce wa matarsa ba tare da ya dube ta ba, "Ki yi wa ƙaninki magana."

"In ce masa me?"

"Ke ma kin sani."

"Ban sani ba. In ce ya zage ka?"

Ya daɗe yana fama da maɓallin agogon. "I," ya ce.

Ta je, domin duk da bakinta ba ta son ganinsa haka. Ta dawo kafin rana ta yi tsaka, ta ajiye mayafi.

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Haba Yaya, ni in zagi babban mutum da aka nuna a talabijin?' Ya ce a gaishe ka."

Ranar ma sai da ya je. Aka miƙe, aka gaishe shi, aka ba shi kujera. Bai daɗe ba ya ce yana da uzuri, suka raka shi har bakin baranda suna yi masa fatan sauka lafiya. Ya bi gefen shagon keken, ya sha kwana, sai ya tsaya a bayan bangon ya sunkuya kamar mai gyara takalmi.

Ba a jima ba benci ya dawo hayyacinsa. Ya ji muryar Tanderu tana tashi: "Kai Rabin Yatsa, matsa can, ka cika wuri kamar mai cikakken hannu!" Aka kwashe da dariya. Rabin Yatsa ya yi ta in'ina yana neman amsa, bai samu ba, ya ce wani abu marar gishiri.

Gwangwani ya ja tsaki. Amsar a fili take, ko yaro ya gan ta, kuma sakaran ya bar ta ta wuce. Ya faɗe ta a hankali, shi kaɗai, yana fuskantar bango. Sannan ya gyara tsayuwa, ya kasa kunne yana jiran na gaba.